Farantin gyaran baki kafin ɗinkin tsagewar leɓe: wahalarsa a gida da yadda za a raba ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Bukuru. Yau kwana tara da maiɗakina ta haifi ɗa namiji, leɓensa na sama a tsage ta gefen hagu, tsagar ta ratsa dasashi ta shige har ganɗa. Likita ya ce ba za a ɗinke leɓen ba sai ya kai wata uku zuwa huɗu, amma kafin nan ana so a sa masa wani ɗan faranti a baki da filasta a kumatu, mu riƙa kai shi asibiti duk mako. Muna da wasu yara biyu ƙanana, ni kuma a kasuwar Taminus nake wuni. Yaya wahalar abin take? In muka ga ba za mu iya ba, mun cuci yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Bari in fara da abin da ya fi damunka. Ba ku cuci yaron ba in ba a sa farantin ba. Ɗinkin da likitan tiyata zai yi shi ne magani, faranti share fage ne kawai, kuma ana yi wa yara masu ɗimbin yawa aiki ya yi kyau ba tare da an taɓa sa musu shi ba. Amma yana da amfaninsa, musamman ga tsaga mai faɗi. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan jinya ce ta gida. Mako guda awa 168 ne. Likita zai riƙe farantin na kamar rabin awa a cikinsu, sauran duk suna hannun wanda ke kwana da jaririn. Saboda haka kafin a ce "to", a zauna a yi lissafi da ita mai jegon, don a kanta kayan za su sauka.

Likitoci na kiran wannan hanya ta tanƙwara hanci da dasashi kafin tiyata NAM a taƙaice. Wani likitan daidaita haƙora, Barry Grayson, da likitan tiyata Court Cutting ne suka fito da ita a Jami'ar New York a farkon shekarun 1990, ko da yake sa wa jarirai faranti a ganɗa ya girme su, tun wajen 1950 ake yi. Hikimar ita ce ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jariri yana fitowa da ragowar sinadarin isturojin na uwarsa a jini, wanda ke sa guringuntsin hanci ya yi laushi kamar kakin zuma. Laushin ya fi yawa a makonni shida na farko, daga nan ya riƙa raguwa. Shi ya sa ake gaggawar farawa cikin mako biyu da haihuwa. Farantin na roba ce mai tauri, ana zuba ta daidai da bakin yaron. Yana hana harshe kutsawa cikin tsagar yana ƙara buɗa ta, kuma duk zuwa asibiti likita yana kankare kamar rabin milimita zuwa milimita guda a wajen da yake so dasashi ya matso, ya ƙara roba mai laushi a wajen da yake so ta tura. Idan giɓin dasashi ya ragu ya dawo kamar milimita 5, sai a dasa wata 'yar waya mai kan roba kamar ƙwayar wake, ta shiga ƙofar hancin da ya kwanta ta ɗaga shi. Tsagar gefe ɗaya irin ta ɗanka takan ɗauki wata uku zuwa huɗu. Ta gefe biyu, wadda tsakiyar dasashi ke turowa gaba, takan kai wata biyar ko ma fi.

Ranar ɗaukar awon baki ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali. Ana cusa wani abu mai kama da ƙullun fulawa a ganɗa, a riƙe yaron fuska na kallon ƙasa don kada wani gutsure ya gangara maƙogwaro, shi kuma yana tsala kuka. Kukan alheri ne, shi ke nuna iska na wucewa. Wannan aiki a asibiti kaɗai ake yin sa, inda akwai na'urar zuƙe majina da iskar oksijin da wanda ya iya buɗe hanyar numfashi. Kada a yarda a yi shi a wani shago.

Yanzu ga aikin kullum, yadda yake a zahiri. Farantin yana baki dare da rana, da shi yaro zai sha nono, da shi zai yi barci. Ana cire shi sau ɗaya ko biyu a wuni a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan buroshi mai laushi. Ban da tafasasshen ruwa. Uwa mai tsafta takan ga ai gara ta tafasa shi tare da kwalbar madara, sai robar ta lanƙwashe, a wayi gari ba ya zama a baki, sai an sake awo daga farko. In an cire, a naɗe yatsa da tsumma mai tsafta a jiƙa, a goge dasashi da cikin tsagar, a haska da fitilar waya a duba ko akwai wajen da ya yi ja ko fari.

Sai ɗauri, wanda shi ne ainihin gwanintar. A gaban farantin akwai wani ɗan maɓalli da ke leƙowa ta tsagar leɓe. Ana fara manna filastar kariya a kowane kunci, irin su DuoDERM ko Tegaderm, a yanka ta kamar girman babban yatsa biyu. Ita wannan takan yi kwanaki ba a taɓa ta ba, aikinta ta tsaya tsakanin fata da filastar da ake canzawa kullum. Sannan a ɗauki siririyar filasta, Steri-Strip mai faɗin milimita 6, a zura ta cikin 'yar zoben roba irin ta masu daidaita haƙora, a ninke. A maƙala zoben a maɓalli, a ja shi har ya ninka tsawonsa sau biyu, a manna filastar a kunci tana nufar sama da baya, wajen gefen ido. Haka a ɗaya gefen. Daga nan a matso leɓɓan biyu da yatsu har su kusa haɗuwa, a gitta wata filastar daga gefen lafiya zuwa gefen tsaga. A makon farko wannan kan ci minti 20 zuwa 30, da mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya ɗaura, yaro na kuka yana juya fuska. Bayan mako biyu ko uku hannu ya faɗa, minti biyar ya isa. Dabarar da ke sauƙaƙa rayuwa ita ce a zauna da daddare a harhaɗa filasta da zobe guda goma a manna su a gefen tire mai tsafta, don idan ɗaya ta saki da ƙarfe uku na dare ba sai an tsaya neman almakashi ba. Kuma za ta saki. Madara da yawu da hawaye duk a kanta suke sauka.

Alkiblar jan nan ba ado ba ce. Idan aka ja filasta a miƙe zuwa kunne ko ta yi ƙasa, bayan farantin yakan saki ganɗa ya faɗo kan harshe, yaro ya riƙa yunƙurin amai, a wani lokaci ya tare masa iska. Don haka ne ake huda rami a tsakiyar farantin. Duk lokacin da aka ga yaro na kakari, ko leɓensa ya fara yin shuɗi, a sa yatsa a zare farantin nan take, tambaya ta biyo baya. Kowa da ke riƙon yaron, har kaka da 'yar aiki, sai ya iya wannan zarewar. A kwantar da shi rigingine in zai yi barci.

Amma in gaya maka gaskiya, Malam, ba filasta ce ke karya mai jego ba, shayarwa ce. Kuma wannan nauyin yana nan ko an sa faranti ko ba a sa ba. Yaron da ganɗarsa ke buɗe ba ya iya zuƙa, kamar mai shan kunu ne da tsinken roba da ya fashe a gefe. Zai kama nono, baki na motsi, uwa ta ɗauka yana sha, alhali iska yake haɗiya, ya gaji ya yi barci da yunwa. Mafi yawansu sai an tatsa an ba su. Lissafin abin da yake buƙata kamar mililita 150 ne ga kowane kilo na nauyinsa a kwana guda. In kilo 3 ne, mililita 450 ke nan, a raba sau takwas, kowane sha kusan mililita 55. Don nono kada ya ƙafe, sai uwa ta tatsa wajen sau takwas a awa 24, har da dare, kowanne kamar minti 20. Ka haɗa: tatsa ta cinye kusan awa uku, bayarwa sau takwas a rabin awa awa huɗu, ga wanke kofi da kwalba. Awa bakwai zuwa takwas sun tafi ba a taɓa tukunya ba, ba a yi wa sauran yara wanka ba.

Yadda ake bayarwa: a zaunar da shi a cinya kusan a miƙe, ba a kwance ba, don kada madara ta bi ta hanci ko ta taru a kunne. Akwai kwalabe na musamman irin na Pigeon da Medela da Dr. Brown's, masu ɗan bawul da ke sa madara ta fito da dannawar dasashi kawai. In ba a samu ba, ƙaramin kofi ko cokali na yi, a jingina a leɓen ƙasa yaro ya riƙa lasa da kansa, kada a kwarara. A sa shi gyatsa bayan kowane mililita 15 zuwa 20. Kada shayarwa guda ta wuce rabin awa, domin bayan nan ƙarfin da yake ƙonawa ya fi abin da yake samu. In madara ta ɓullo ta hanci ba abin firgita ba ne, a tsaya, a goge, a ci gaba. Nonon da aka tatsa yana kaiwa kamar awa huɗu a ɗaki in ba zafi, a firij kuma har kwana huɗu in wuta ba ta yankewa, wanda kai ma ka san ba abin dogaro ba ne. In an koma madarar gwangwani, a bi awon da ke jikin gwangwanin daidai. Tsinka ta da ruwa don ta daɗe shi ne hanya mafi sauri ta ramar da jariri. Koko ko akamu kuma ba abincin ɗan wata ɗaya ba ne.

Ma'aunin ko ana cin nasara shi ne sikeli. Ya kamata ya dawo nauyin haihuwarsa zuwa mako biyu, daga nan ya riƙa ƙara giram 150 zuwa 200 a mako, yana jiƙa ƙyalle aƙalla sau shida a wuni. Likitocin tiyata da yawa na bin tsohuwar ƙa'idar goma uku: mako 10 da haihuwa, nauyin laba 10, wato kamar kilo 4 da rabi, da ƙarfin jini 10 a awon da ake kira hemogulobin. Yaron da hancinsa ya miƙe sarai amma kilo 3 da rabi yake a wata huɗu, za a ɗage masa aiki. Shi ya sa in ƙarfin gida bai kai a riƙe abu biyu ba, a riƙe ciyarwa a saki faranti. Kada kuma a ce an sa farantin ne don ya taimaka wa shan nono. Wasu iyaye suna jin sauƙi da shi, amma babban gwajin da aka yi a ƙasar Holan, wanda ake kira Dutchcleft, ya kwatanta jarirai masu farantin ganɗa da marasa shi bai ga bambanci a ci ko ƙaruwar nauyi ba.

Sai zirga-zirga. Wata uku da rabi, duk mako, zuwa 14 ko 15 ke nan, ban da ranar awo da ranar da wani abu ya ɓaci aka koma ba shiri. Ɗauki kuɗin mota da keke daga Bukuru zuwa asibitin da dawowa, na mutum biyu, ka ninka sau 16. Ƙara cinikin rabin wuni da za ka rasa duk ranar da ka raka su, da kuɗin filasta, wadda ba kowane kemis ke ajiye irinta ba. Kai da ke Bukuru, ko Lamingo ne inda asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yake, da sauƙi. Ka tuna mai fitowa daga Shendam ko Wase ko Langtang, ko wanda aka ce masa sai Abuja, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ta Akwanga da Keffi, da ɗanyen jariri da mace mai ɗanyen jiki. Ga irin waɗannan, sai dai a samu ɗan'uwa a gari a tare wajensa na wata uku, in ba haka ba ni ba na ba da shawarar a fara. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin tiyatar kyauta a asibitocin da take hulɗa da su a Najeriya. Ka tambaya a fili ko tallafin da ke asibitinku ya haɗa da faranti da filasta da kuɗin mota, ko tiyata kaɗai ne. In mai jego ma'aikaciya ce, ga wani lissafin: dokar ƙwadago mako 12 ta ba da na hutun haihuwa, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma suna samun fiye da haka. Sau da yawa hutu na ƙarewa jinyar ba ta ƙare ba, ranar tiyata ma ba ta zo ba. A daidaita ranar asibiti da ta rigakafin mako 6 da 10 da 14 in zai yiwu. Tsagewar leɓe ba ta hana allurar rigakafi ko guda.

Me ya sa ba a son tsallake mako? Domin bakin yaro girma yake, faranti kuwa ba ya girma. In aka yi mako uku ba a gyara ba, sai ya matse, ya fara gurzar dasashi, ya kuma tare girman da ake so. In kuma aka cire aka ajiye kwana huɗu ko biyar saboda yaro na kuka, harshe zai koma cikin tsagar, dasashi ya buɗe, ranar da aka zo mayarwa ya ƙi zama. An yi asarar makonni, guringuntsi kuma ya ƙara tauri. A nan ne karin maganar nan ta da muguwar rawa gara ƙin tashi ta zauna daidai.

Matsalar da kusan kowane gida ke gamuwa da ita ita ce kumatu. Fatar jariri siririya ce, ana manna ana ɓarewa kullum, sai ta yi ja, ta yi ƙuraje, wani lokaci ta saluɓe. Kada a fizge filasta a bushe. A jiƙa ta da ruwan ɗumi ko ɗigon man zaitun, a naɗe ta a hankali tana kwance da fata. Bayan nan a wanke man tas a busar, in ba haka ba sabuwar ba za ta kama ba. Wannan kuwa yana karo da al'adarmu, don jaririn Bahaushe ba ya rabuwa da man kaɗe ko basilin bayan wanka, balle a sanyin Jos na Disamba da Janairu. A shafe jiki duka, a bar kumatu da leɓen sama. A riƙa ɗan gusar da wajen mannawa sama ko ƙasa don fata ta huta. In ta saluɓe har tana ruwa, a kira asibiti, sau da yawa sukan ce a huta da filasta kwana ɗaya ko biyu. A lokacin hunturu majina na bushewa a kan 'yar wayar hanci ta yi ɓawo, ɗigon ruwan gishiri na kemis yana jiƙa shi.

Cikin baki kuma, gyambo kan fito inda gefen faranti ke gurza, yawanci a lungun da ke tsakanin leɓe da dasashi. Alamarsa yaron da ke sha lafiya ya fara ƙin kwalba, ko a ga ɗigon jini a farantin. Wannan aikin likita ne, minti biyu zai goge wajen. Kada maigida ya ɗauki reza ko fayil ya ce zai rage da kansa. Farin dabbare-dabbare a harshe da ganɗa wanda ba ya gogewa ƙwayar fungas ce, tana son ɗumi da ragowar madara a ƙarƙashin faranti, akwai maganin ɗigawa. Ita kuma wayar hanci, idan aka saka ta za a ga ƙarshen hanci ya ɗan yi fari, amma ya kamata jini ya dawo ya koma kalarsa ba da jimawa ba. In farin ya zauna, ko gefen ƙofar hanci ya fara tsagewa, turin ya yi yawa. Wani lokaci haƙori kan leƙo a bakin tsagar tun yaro bai isa ba. A nuna wa likita, kada a bari a cire a gida.

Abu biyu na gida da ba a cika faɗa a asibiti ba. Na ɗaya goyo: fuskar yaro na gogar bayan uwa, filasta ta kwance, wayar hanci ta karkace. A watannin nan a fi riƙe shi a hannu ko a ƙirji, in kuma dole a goya, a juya kansa gefe a riƙa dubawa. Kuma ka ga wannan ma wani nauyin ne, don da goyo mace ke samun hannun yin aiki. Na biyu ya fi muhimmanci: kada wanzami ya taɓa bakin yaron nan da sunan cire beli. A yaro mai tsagewar ganɗa belin a rabe yake gida biyu, tsofaffi na iya gani su ce ai ga ciwon nan. Naman wajen likita na buƙatarsa ranar ɗinkin ganɗa, ga haɗarin zubar jini ga yaron da ake tara wa jini don tiyata. In kuma al'adar gidanku ce mai jego ta tafi wankan gida, to a duba nisan garin da asibiti kafin a sa ranar awo.

Yanzu maganar ita kanta uwar. Kwanakin da jinyar ta fi tsanani su ne kwanakin arba'in, lokacin da ya kamata a ce ita ake yi wa hidima. Ba ta barci awa uku a jere. 'Yan barka na shigowa, wata ta yi salati ta kau da kai, wata ta tambayi me ta ci ko me ta kalla da ciki, wata ta ce husufin wata ne ko iska. Ka tare mata wannan da bakinka, a gaban danginka musamman. Leɓe yana haɗuwa ne tun ciki na mako huɗu zuwa bakwai, ganɗa kuma kafin ƙarshen wata na uku, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da ciki. A duniya ana samun kamar ɗaya cikin haihuwa 700. Akwai gado a ciki, akwai abubuwan da ke ƙara yiwuwarsa kamar hayaƙin taba da ciwon sukari da wasu magungunan farfaɗiya, amma a yawancin yara ba a iya nuna dalili guda. Sannan ga wani ciwon da faranti ke ƙarawa: ita ce ke sa wa ɗanta abin da ke sa shi kuka, da hannunta, kullum. In likita ya auna ya ce giɓin bai ragu ba, sai ta ji kamar ita ta faɗi jarrabawa. Binciken da aka yi a kan iyaye a Amurka ya nuna fargabar ta fi yawa a farko, kuma da yawansu in hannu ya saba sukan samu natsuwa, don suna ganin suna yi wa ɗansu wani abu, suna kuma haɗuwa da wasu iyaye duk mako. Amma wannan ga wadda ke da mataimaki ne. In ka ga ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta cin abinci, ba ta iya barci ko da yaro ya yi, ko tana cewa ita ba ta da amfani, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ana maganinsa, a faɗa wa likita. In ta ambaci cutar da kanta ko yaron, ranar za a je asibiti.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma "ina taimaka mata" ba tsari ba ne. Tsari shi ne a ce ɗaurin safe naka ne kafin ka fita kasuwa, shan ƙarfe goma na dare da na asuba kai za ka bayar da nonon da ta tatsa, ita ta samu barcin awa huɗu a haɗe. A samu mutum na uku, kaka ko ƙanwa, ta je asibiti a koya mata da hannunta, ba ta ji a bakin wani ba, saboda ranar da zazzaɓi zai kwantar da uwar. A ɗauki bidiyon likita yana ɗaurawa a waya. A riƙa ɗaukar hoton fuskar yaron duk Juma'a daga ƙasan haɓa, don mai gani kullum ba ya lura da canji, sai an jera hoton makon farko da na shida ake ganin inda wahalar ta tafi. Manyan yaran biyu kuma a nema musu mai kai su makaranta da mai dafa musu, ko na wata ɗaya ne.

To, ribar ta kai wahalar? Abin da aka tabbatar shi ne faranti na rage faɗin tsaga, leɓe ya haɗu ba tare da an ja shi da ƙarfi ba, hanci kuma ya fi daidaita bayan tiyata. Wani ɓangare na gyaran hancin yakan koma baya a shekarar farko, shi ya sa wasu likitoci ke sa 'yar robar hanci na wasu watanni bayan aiki. Ko ribar tana ɗorewa har girma, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma akwai manyan cibiyoyi a Turai da ba sa amfani da shi sam. A ganina, wanda ya fi cin moriyarsa shi ne mai tsagar gefe biyu da tsakiya ta turo sosai, sai mai gefe ɗaya da giɓin dasashinsa ya kai santimita guda ko fiye. Mai 'yar tsaga a leɓe kaɗai, ko mai tsagewar ganɗa kaɗai, ba ya buƙata. Akwai kuma matsakaiciyar hanya: filastar leɓe kaɗai ba faranti, ko filasta mai roba a tsakiya irin DynaCleft haɗe da ɗan ƙugiya da ke ɗaga hanci daga goshi. Ba awon baki, ba gyambon dasashi, zuwa asibiti kuma bai kai na faranti yawa ba, sai dai kumatu na nan da jan su, kuma ba ta sarrafa dasashi kamar faranti. Wasu likitocin kan amince da zuwa duk mako biyu in sun ga hannun iyaye ya faɗa.

Ka kuma tuna tafiyar da saura. Bayan leɓe akwai ɗinkin ganɗa tsakanin wata 9 zuwa 18, akwai duba kunne don ruwa na yawan taruwa a bayan dodon kunnensu, akwai koyon magana, akwai dashen ƙashi a dasashi wajen shekara 8 zuwa 11. Kada a ƙarar da jari da ƙarfin uwa a wata ukun farko.

Ranar da za ku koma, ku tafi tare, ka bar ta ta yi magana. Ku tambayi milimita nawa ne giɓin ɗanku, zuwa nawa ake sa rai gaba ɗaya, wa ke ba da filasta da zoben roba in sun ƙare, lambar wa za a kira in faranti ya ƙi zama ranar Asabar da dare, kuma wa zai gyara in likitan ya yi tafiya ko ana yajin aiki. In amsoshin sun gamsar kuma kun samu mutum na uku, ku gwada mako uku, don su ne mafi wuya, sannan ku sake zama ku duba sikeli da fuskar mai jego. In nauyin yaro ya tsaya cik mako biyu a jere, ko uwar ta kai maƙura, ku je ku faɗa wa likita kai tsaye cewa za ku tsaya, ya mayar da ku kan filasta kaɗai, ya sa ranar tiyata. Abin da ba a so shi ne a jefa farantin a durowa a daina zuwa saboda kunya, don yawanci a nan ne ake rasa ranar aikin ma gaba ɗaya.